Garin da Na Gina Don a Fasa

Babana mai gadi ne a Tsohuwar Kasuwar Gombe,
shekara ashirin da uku yana zaga rumfunan 'yan atamfa
da tocila, da usur, da gora mai kai kamar gwiwa.
Yakan ce: wanda bai san ta inda ɓarawo ke hawa ba,
katangarsa ado ce, Hansatu, ba tsaro ba.

Yau ni ma gadi nake koyarwa,
sai dai garina ba shi da ƙasa.
Daren Lahadi na gina shi cikin kwamfuta
a ɗakina na Tumfure, shayi na hucewa:
banki guda, asibiti, ofishin albashi,
duk na ƙarya, babu kwabon kowa a ciki.
Na bar taga ɗaya ba sakata, da gangan.
Na ba akawu kalmar sirri irin ta malalaci,
sunan ɗansa da shekarar haihuwa.

Litinin da hantsi suka shigo, su arba'in da ɗaya,
ba wanda ya tuɓe takalmi a ƙofa.
Yila daga Billiri, zakara na cara a bayansa.
Gidado daga Dukku, ya hau tudu yana farautar sabis,
muryarsa na tsinkewa kamar zaren da ya sha rana.
Saura sunaye ne a gefen allo,
kowanne da koren ɗigo, kamar idon mage a duhu.

Na ce: ga gari, ku fasa.
Amma kowa ya fara sa hannu a takarda,
don wuƙar mahauci da ta ɗan daba
maƙeri ɗaya ne ya wasa.

Yila ya yi ta dukan babbar ƙofa har azahar.
Kaltume ko kallon ƙofar ba ta yi ba.
Wasiƙa ta rubuta wa akawun, mai ladabi, da tambarin banki:
ranka ya daɗe, za a rufe asusunka, taɓa nan.
Minti goma sha ɗaya, tana ciki.

Na ce: wa ya koya miki? Ba mu zo nan ba tukuna.
Shiru. Na ɗauka sabis ne ya gudu.
Can ta ce: Malama, haka aka yi wa innata.
Kuɗin adashi ne, na mata goma sha biyu
masu tuyar awara a Jekadafari.
Muryarsa ta fi ta liman taushi.
Da bakinta ta karanta masa lamba shida,
har godiya ta yi masa.

Sai aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu, fanka na ƙarasa juyinta.
Ɓarawon babana yana da ƙafa,
yana barin sawu, kare na jin warinsa.
Namu sallama yake yi,
ya tambayi lafiyar yara.

Ran Laraba na juya wasan.
Na ce: Kaltume, garin naki ne, ki tsare.
Ta sa wa tagar sakata, ta canja kowane mabuɗi,
ta koya wa akawu ya tambaya sau biyu,
ta kafa littafin da ke rubuta duk mai shiga.
Mutum arba'in suka yi ta kewaya ganuwa
har aka kira magariba.

Gidado ne ya shiga, daga kan tudunsa,
ta wata tsohuwar firinta da kowa ya manta,
har ni da na ajiye ta.
Na ji dariyar Kaltume, karo na farko.
Ta ce: Malama, a sake.

Ban san ko innarta ta gama biyan matan ba.
Ban tambaya ba.
Lahadi na tafe, zan gina wani garin,
in bar wata tagar.
Usur ɗin babana na nan kusa da kwamfuta,
ya yi tsatsa a baki.
Wani lokaci cikin dare nakan ɗauka,
in auna nauyinsa a tafina, in mayar.