Sakan Arba'in da Ba na Sayarwa Ba

Shida saura kwata Yaiza ta kashe mota
a inda kwalta ta ƙare, baƙin dutsen Lanzarote ya karɓa.
Shekararta talatin da huɗu.
Jaka ɗaya, tawul biyu,
kyamara bisa ƙafa uku, ɗayar an ɗaure ta da igiyar takalmi.

Babu mai ba da umarni, babu mai riƙe fitila.
Ita ce mai ɗauka, ita ce abin ɗauka,
ita ce mai gadin hanya da kunnuwanta.

Masu biya sun ce sun gaji da bangon ɗaki.
Sama suke so, da teku a bayanta,
su ji kamar kwatsam suka tarar da ita
a inda babu kowa.
Ba sa biyan kuɗin sanyi.
Ba su san dutsen da wuta ta amayar yana da haƙora ba,
ba su san tsigar jikin da suke yabo
iskar Atlantika ce ta tashe ta.

Ta ninke rigarta, ta danne da dutse
kada iska ta kai ta Maroko.
Ta taɓa jan maɓalli,
ta ɗaura fuskar aiki:
ido rabi a lumshe, murmushin da ba na kowa ba.
A can ciki lissafi ke tafiya,
kuɗin haya ranar biyar ga wata,
tabarau na mahaifiyarta da ya tsage,
tayar baya da ta cinye har waya ta fito.

A minti na bakwai sai ƙararrawa.
Ba ta coci ba, ƙarama,
irin mai rawa a wuyan dabba.
Akuya ta leƙo ta saman dutse tana tuƙa,
ta dube ta kamar mai bin bashi.
Wata ta biyo, wata ta biyo,
ta huɗun ta nufi rigar.

Tawul ya riga tunani isa kafaɗa.

Bayan garken ga tsoho Eleuterio,
malafa ta sha rana, kare a gefe.
Ya ga ƙafa uku, ya ga tawul,
sai ya juya ya ba ta baya,
ya tsura wa teku ido
kamar yau aka zuba shi.

"'Yata, ko kin ga wata baƙa mai karyayyen ƙaho?"
"Ga ta can, tana cin hannun rigata."
"Halinta ke nan. Uwarta ma haka take."

Bai tambaya ba, ita ma ba ta ba da dalili ba.
Ya ce iska za ta juya kafin takwas,
kwarin can ƙasa ya fi ɗumi.
Ya ajiye ɓarin cuku a kan dutse, a takardar jarida,
ya yi fito, garke ya bi shi,
ƙararrawa na raguwa har ta koma shiru.

Jan ɗigon nan bai daina ƙiftawa ba.

Da dare a Arrecife, bisa teburin kicin,
ta yanke, ta haɗa, ta gyara kalar sama.
Minti goma sha ɗaya suka tafi ga masu biya,
teku shuɗi, mace ita kaɗai, kamar yadda aka yi oda.

Sakan arba'in suka rage.
Mace cikin tawul, gashi a hargitse, leɓe ya yi toka,
tana jan riga da akuya,
tana dariya har ciki na ciwo,
da wata fuska da ta kwana biyu ba ta gani ba.

Ta kalla sau uku tana gutsurar cuku.
Gishiri ya yi masa yawa.
Ta cinye duka.