Idon Ƙeya

Ido biyu aka ba mutum, duka a gaba.
Ƙeya kuwa aka bar ta da zato.

Ranar Talata, kan titin da ya fito daga Bosa,
madubin wata bas ya daki gwiwar hannuna.
Na zube, ni da keke da kwanon abincin rana.
Ɗan sanda ya ce, "Lambar motar?"
Na ce ja ce.
Ya ce, "Baiwar Allah, jan mota a Bogota
ai kamar neman baƙi ne a cikin gawayi."
Ya rufe littafinsa.

Asabar na shiga kasuwa
da kuɗin ɗinkin mako biyu a cikin safa.
Yaron shago ya jera mini kyamara uku.
Ta farko, kuɗinta hayar ɗaki ne na wata biyu,
na gaishe ta daga nesa.
Ta biyu kamar kyauta,
sai dai batirinta ba ya kai minti arba'in,
ni kuwa tafiyata awa ɗaya ce da kwata
in ban tsaya sayen burodi ba.
Ta ukun kwalinta ya yage,
an lanƙwasa shi da salatif.

Ban tambayi kyan hoto ba, ba biki zan ɗauka ba.
Na ce, tana karanta lamba cikin ruwan sama?
Da asuba fa, in fitilu suka haske mata ido?
In katin ya cika, takan share tsoho da kanta
ko sai ta yi shiru ta ƙyale ni?
Ya fita da ita bakin titi, ya ɗauki wata tasi.
Harafi uku, lamba uku, na karanta su tsaf.
Araha ba ta ado, an ce.
To ni shaida na zo saya.

Babana Arcesio ya karɓe ta kamar ƙwai.
Shekara talatin yana gyaran agogo,
yanzu yatsun na rawa, amma ba ya yarda a faɗa.
Ya ɗaura ta ƙarƙashin sirdi, jakata ta rufe ta.
Ya sauko da ita kan ƙarfe, maƙalin ya yi fāɗi,
tana lilo kamar haƙorin yaro.
Sai ya yanko tsohuwar robar taya,
ya naɗa sau biyu, ya ɗaure noti
har sai da ya ciji leɓe.

Zagayen farko: sama kawai, da wayoyin lantarki.
Na biyu: taya, taya, taya, da wutsiyar kare.
Ya durƙusa a bayan keken,
ya rufe ido ɗaya,
ya ɗaga ta da kaurin farce.
"Haka," ya ce. "Kar ki taɓa, Marleny."

Litinin da dare na sa katin a waya,
ina neman bas, ina neman mai laifi.
Hoton ya buɗe kan ƙofarmu.
Ƙarfe biyar saura, yayyafi.
Ga tsoho nan a tsaye da silifas,
rigar barci, hannu ɗaya a sama,
leɓɓansa na motsi.
Yana ƙanƙancewa,
yana ƙanƙancewa,
har ya koma kamar ƙwayar shinkafa
bai sauke hannun ba.
Sannan kwana ta haɗiye shi.

Shekara shida ina fita ta ƙofar nan.
Ban taɓa waiwaye ba.

Na leƙa ɗakinsa, yana minshari,
tabarau a kan ƙirji.
Na koma na mayar da hoton baya.
Katin zai share shi jibi, in ji yaron shago.
Na ciro shi, na ƙulle a bakin gyale.
Gobe sai in sayi wani.