Abin da Jarida Ba Ta Faɗa Ba

Ran Litinin jarida ta iso barga a jiƙe,
na shanya ta a gefen murhu,
na karanta da tabaraun da ya rasa ƙafa ɗaya.
Shafin baya, can ƙasa:
"Dreoilin, aharas, ɗan shekara biyar,
doki ne mai gobe. A sa masa ido."

Mai gobe! Ultan Furlong ne ya rubuta,
shi da bara ya kira shi jaki mai sirdi,
ya ce hatsin da yake ci asara ne.
Alƙalami bai san kunya ba,
ya lashe amansa, ya nemi ƙari.

Ya yabi Fintan Dwane mai horarwa,
wai yana gane zakara tun yana ƙwai.
Ya yabi Nuala Cashin mai doki,
da ta sayar da shanu bakwai bayan rasuwar mijinta
ta sayi dukushin da kowa ya wuce a kasuwa.
Gaskiya ne, ban musa ba.
Amma layi sha huɗu na ƙirga da yatsa,
babu wanda ya kwana kan ingirici
daren da ciwon ciki ya kayar da shi,
babu wanda ya ja shi zagaye har asuba
cikin yayyafin Tipperary da ba ya gajiya.

Jiya a Kilbrack ƙasa ta zama kunu.
Shinge sha takwas, dawaki tara,
masu caca na ihu kamar kuɗi na da kunne.
Aoibhe Tierney ta hau, yarinya kamar tsinke,
na ɗaga mata ƙafa, na ce, kar ki koya masa,
ya fi ki sanin inda zai tashi.
Daga nan na juya baya.
Shekara arba'in ban kalli shingen ƙarshe ba,
kunne nake kasawa, bargo a hannu.
Na ji kofato, na ji shiru,
shirun nan da doki ke sama, ƙasa na jira,
sannan na ji sauka,
ƙafa huɗu cif, ba ƙarar ƙashi.
Sauran labarin na mutane ne.

Da magariba waya ta yi kuka a kicin ɗin Nuala.
Wani daga ƙetaren teku, mai dawaki ɗari,
ya faɗi kuɗin da ya sa ta nemi kujera.
Rufinta na yoyo, banki na aiko takarda.
Ba ta iya kallona ba da ta zo faɗa.
Na ce, ai daidai ne, Nuala,
ƙaramar barga reno take, ba ta riƙo.

Alhamis mota za ta zo.
Ga abin da na rubuta wa wanda zai karɓe shi:
Kar ka taɓa kunnen hagu ba sallama.
Tuffa sai an yanka, ba ya cin guda.
Leda in iska ta ɗauko ta, ka riƙe linzami da kyau,
shingen da ya fi mutum tsawo bai dame shi ba,
leda ce dodonsa.
In ya ƙi ci, ka zauna kawai ka yi tari,
yana son ya san da mutum.

Sunana ban sa ba, me zai yi da shi?

Na so in cusa jaridar cikin takalmi ta tsotse ruwa,
don amfaninta ke nan.
Sai ga ni da almakashi,
ina bin gefen layi sha huɗun a hankali.
Na kafa su da ƙusa a ƙofar ɗakinsa.
Ya miƙo wuya, ya sansana,
ya cinye rabin Ultan Furlong.