Farautar Iska

Takardar gas ta zo ran Talata,
fam ɗari uku da goma sha bakwai.
Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune,
lambar ba ta ji kunyar furfurata ba.

Shekara talatin ina tuƙa bas a Dundee,
ban taɓa barin ƙofa buɗe fasinja ya sha sanyi ba.
Ga shi gidana ya zama kwando,
ina ta zuba masa ɗumi da kuɗin fansho.

Jikata Catriona ta zo da kyandir guda.
Ta ce, "Kaka, kashe rediyo, farauta za mu yi."
Muka bi ɗaki ɗaki a hankali,
duk inda harshen wuta ya sunkuya, nan ɓarawo yake.
Ya sunkuya a gindin ƙofa.
Ya yi rawa a bakin ramin wasiƙu.
A tsohon murhun da ba a hura ba tun rasuwar Ishbel
ya kwanta, ya bar mu da hayaƙi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Nawa ƙadangaren daga kogin Tay yake tasowa,
ba jela, ba ƙafa,
a cikin gwiwata yake kwana.

Tagar ɗakin barci ce ta ba mu mamaki:
wutar ta miƙe, ko gezau.
Na sa yatsa a tsagar katako,
na jawo shuɗin tsumma, an murɗe shi tsaf kamar lagwani.
Rigar aikina ce, wadda na yi wata biyu ina cigiya,
Ishbel ta ce mai yiwuwa iska ta ɗauke ta daga igiya.
Ashe da ita ta ɗana wa iskar tarko.
Hunturu nawa na yi barci a bayan wannan tsumma
ina yabon bargo?

Catriona ta juya baya, wai almakashi take nema.

Ran Asabar muka tashi haiƙan.
Muka bi bakin ƙofofi da roba mai manne,
muka cusa wa bututun hayaƙi matashi,
muka rataya labule mai nauyin mutum.
Tankin ruwan zafi ya sami jar riga,
ya tsaya a lungu yana ƙyalli kamar ango.
Maƙwabcina Dougal ya riƙe tsani yana mita,
wai ɓarnar kuɗi, wai kakanninmu da me suka rayu.
Na ce da tari.
Muka shimfiɗa ulu a ƙarƙashin rufi, ninki biyu,
kwana uku hannuna na ƙaiƙayi.

Da can dusar ƙanƙara ba ta kwana a kan gidana.
Ta sauka, ta narke, rufi ya yi baƙi,
tantabaru su jeru suna gasa ƙafa.
Ina tsammanin ƙaunata suke yi,
ashe ni ke biyan kuɗin masaukinsu.

Jiya da asuba na fita da silifa.
Rufina fari fat, ba sawu ko ɗaya.
Jama'ar duk sun yi ƙaura gidan Dougal,
su goma sha ɗaya, na ƙirga.
Da hantsi ya ƙwanƙwasa, bai yi gaisuwa ba,
ya ce ko kyandir ɗin nan ya rage.

Sabuwar takarda fam ɗari biyu da huɗu.
Ba arziki ba ne,
amma na sayi kifi, na cire safar hannu kafin in ci.

Taga ɗaya ce ban sa wa roba ba.
Na mayar da tsumman inda na same shi,
na danna da bakin cokali, yadda nake jin ta yi.
Har yanzu yana aikinsa.