Ƙullin Da Ba Shi Da Suna

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
maigida ne.
Tun asuba yake dukan rufin ɗakin bincike,
Ximena Huenchullán na gaban na'ura,
shayinta ya huce har sau biyu.

Rumbu uku aka damƙa mata.
Ɗaya daga jirgin ruwan masu bincike,
ɗaya daga wata jami'a can arewa,
na ukun littattafan marigayi Eleuterio Cárcamo,
masu warin gishiri da man kifi.
Duk zancen kifi ɗaya suke yi,
amma ka rantse ba su taɓa haɗa hanya ba.
Wannan ya kira shi da Latin,
wancan ya manna masa lamba,
tsohon kuwa sunan da masunta ke ƙwalawa a kasuwa ya sani.
Su da mita suke auna zurfi,
shi da gaba.
Kowa ya rubuta "zafi",
ba wanda ya ce na saman ruwa ne ko na ƙasa.

Na'ura ba ta san hannunka-mai-sanda ba.
Abin da ba ka faɗa mata ba, ba ta ji ba.

Sai Ximena ta zama mai raɗin suna.
Kowane abu ta yi masa sunan yanka
wanda ba ya sauyawa ko an ƙetare teku,
laƙabobi ta ɗaure su a gindinsa.
Ta zana salsala:
wannan ɗan wancan ne,
wancan daga zuriyar wane ya fito.

Zance kuwa kan duwatsun murhu uku take girka shi:
abu, dangantaka, abu.
Kifi, yana zaune a, zurfi.
Zurfi, an auna shi da, gaba.
Zare dutse ɗaya, tukunya ta kife.

Wata bakwai ana haka.
Ran wata Laraba ta jefa tambaya guda,
rumbunan suka amsa da baki ɗaya
kamar 'yan uwan da aka raba tun suna goye.
Ashe kifin ƙaura yake yi kudu.
Shekara arba'in yana bin sanyi, taki bayan taki,
ba wanda ya lura,
don kowa na riƙe da guntun labarin a aljihu.
Baltasar, ɗalibinta, ya doki tebur
har cokali ya yi tsalle.

Saura abu ɗaya.
A gefen wasu shafuka tsohon ya rubuta da ƙananan baƙaƙe:
"Yau teku na baƙin ciki."
Sau ɗari biyu da sha ɗaya.
Ta kai shi gidan launi, ya ƙi zama.
Ta kai shi gidan iska, ya ƙi.
Igiyar ruwa ta ce ba ɗanta ba ne.
Baltasar ya ce a goge, wannan ba kimiyya ba ce.

Ta hau mota zuwa Niebla
wurin Fresia, matar marigayin.
Tsohuwar na ɓare wake, ba ta ɗago ba.
"Ni ma bai taɓa gaya mini ba," in ji ta.
"Na dai san ran da ya rubuta haka
ba ya cin abincin dare."

Ximena ta dawo a jiƙe.
Ba ta goge ba.
Ta yi ƙulli guda, ba ta raɗa masa suna ba,
ta ɗaura masa kwanakin nan duka,
da wurin, da zurfin, da hannun da ya rubuta,
ta saki bakin zaren yana lilo.
Wataƙila wata rana wani a wata gaɓar,
da nasa rumbun, da nasa tsohon,
ya zo da ɗaya bakin.

Ta kashe fitila.
Ruwa bai ɗauke ba.
A cikin duhu na'ura na riƙe da abin da ba ta gane ba,
kamar mai ajiyar amana
da bai buɗe ƙunshin ba.