Ƙarfe Nawa

Shekara ashirin ina dukan ƙarfe a Panteka.
Kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya,
na dama ne ke ɗan taɓa aiki.
Sai ga Nafi'u, autana, da la'asar sakaliya,
ya ajiye faifai a kan maƙera:
"Baba, namu ne. Na farko. Jiya ya fito."

A bangon faifan su huɗu ne, ba mai dariya,
sun jingina da ƙofar masaƙar Kakuri,
wadda ta sallame ni ina da sauran ƙarfina.
An rubuta TSATSA da jan harafi.
Na ce, wa ke raɗa wa kansa sunan
abin da nake kankarewa tun safe?

Duk na san su.
Kazah na Sabon Tasha, mai jita,
wanda ba ya ganin ɗanwake ya wuce.
Shekwolo, mai ɗaya jitar da ke gurnani ƙasa-ƙasa.
Zugwai 'yar Narayi, siririya kamar tsinke,
in ta buɗe maƙogwaro
sai ka waiga neman jirgin Rigasa.
Sai nawa, mai ganguna,
da ya fasa wa uwarsa bokiti uku
tun bai shiga aji ɗaya ba.

Wata goma sha ɗaya suna haye gada,
yau a kudu, gobe a arewa,
man janareta karo-karo.
Yarinyar nan har keken ɗinkinta ta sayar.
Ni ko kwabo ban ba su ba.
Shawara na bayar: a nemi sana'a.

Bayan isha'i aka kawo wuta.
Na aro rediyon Tukur mai walda,
na rage murya saboda maƙwabta.
Ashe ba kiɗan da ake rage wa murya ba ne.
Waƙar farko ta faɗo
kamar kwanon rufi a iskar farkon damina.
Ta biyu tirela ce ta ƙwace a gadar Kawo.
Ta uku ban tsinci komai ba
sai kalma ɗaya, "haya", ana ta nanatawa.
Na ce, wannan kam na san zafinta.

A ta bakwai na kai hannu zan kashe.
Sai shiru.
Sai ƙwal. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal.
Guduma ce,
tawa, mai ƙotar da na ɗaure da waya,
mai ɗan jinkiri a bugu na uku
tun ranar da kafaɗata ta goce.
Ga tarina.
Ga muryata a gajiye,
ina tambayar yaran shago: "Ƙarfe nawa?"

Daga nan gangunan yaron suka karɓa,
bugu a kan bugu,
jitar Kazah na zubar da tartsatsi,
Zugwai ta ɗauki tambayata
ta cilla ta sama da rufin kasuwa
har ta daina zama tambayar lokaci.
Ƙarfe nawa.
Nawa ne, in ji ta. Nawa ne.

Yaushe ya naɗa?
Ranar da ya kawo mini tuwo a kula,
ya zauna tsit, waya a aljihun gaba,
har na ce a raina shiriya ta zo.

Sau huɗu na maimaita ta,
na juya kunnen hagu ga sifika
ko shi ma zai samu rabonsa.
Bai ji ba. Amma ƙashin muƙamuƙina ya ji.

Da safe ya zo, yana sosa ƙeya,
yana kallon ko'ina ban da fuskata.
Na ce, "Hayaniya ce."
Ya ce, "To, Baba."
Na ce, "Kuma a bugu na uku
kana saurin dawowa. Zo nan."
Na jawo guntun sifirin mota daga wuta,
na miƙa masa gudumar.