Ruwa Ba Ya Karanta Taswira

Sun ba ni tudun da aka feɗe,
jajir, kamar naman da ba a wanke ba,
suka ce: Besse, ki fitar masa da magudana
kafin watan da sama ke tsagewa.
Nan Sulawesi nikel muke haƙa,
kuma duk ƙasar da muka tayar daga barci
ruwan sama ke zuwa ya goya ta zuwa teku.

Kwana tara ina sunkuye a kan taswira.
Na auna gangare, na lissafa
abin da zai zubo cikin sa'a guda
ranar da babban hadari ya tuna da mu.
Na ja layi daga leɓen rami,
ya bi gindin tarin ƙasa, ya karya kwana a hankali,
don ruwa tamkar tirela ne,
ka murɗa shi da gaggawa, ya kife.
Gindi mita biyu, baki mita huɗu,
duwatsu a jere su karɓi duka,
matakala uku su sace masa gudu,
can ƙarshe tafki, inda laka za ta kwanta
ta bar ruwa ya fita da fuskarsa ta gado.

Ran Talata wani tsoho ya hauro,
Daeng Mattola, mai noman ciyawar teku,
ba hular kwano, ba takalmin aiki,
maigadi na biye yana ta sababi.
Ya buɗe tafinsa: ɗan tsiro ne
da ya bar launinsa ya ɗauki na tsatsa.
“Ƙasarku ce ta sauka a gonata,” ya ce,
“na dawo muku da ita.”

Na shimfiɗa masa taswira, har da ɗan alfahari.
A juye ya duba, bai kuma damu ba.
Ya taka zuwa inda muka jibge ƙasa,
ya doka diddige sau biyu.
“Akwai rafi a nan ƙarƙashi.
Jatan lande na kama cikinsa ina yaro.
Binne shi kuka yi, ba kashe shi ba.”
Na ce na'urarmu ba ta nuna ba.
Ya ce, na'urar, shekarunta nawa?

Daren nan ban runtsa ba.
Da safe na roƙi Pak Rantelino
ƙarin mita ɗari da tamanin.
Ya ce, kin san kuɗin dutse mota guda?
Na ce na sani. Na tudu fa, in ya zame?
Ya ba ni ɗari da ashirin,
ya juya ya ci gaba da waya.

Ruwan ya zo daren Alhamis, ba sallama.
Na tsaya da tocila, laka har ƙwauri.
Daidai inda diddigen nan ya sauka
ƙasa ta yi gumi, ta kumbura, ta buɗe baki,
tsohon rafi ya fito yana huci,
ya tarar an share masa hanya, ya bi.
Amma kwanar da na fi ji da ita,
wadda na zana sau bakwai,
ita ce ta ɓalle kafin asuba.

Gari ya waye, na sauka gaɓa.
Jan zare na nan a bakin teku,
bai ɓace ba, ya dai rame.
Tsohon na cikin kwalekwale yana jan igiyarsa.
Ya nitsa filafili, ya ɗago, ya duba,
ya nuna mini da hannu: rabi.

Bai yi godiya ba, ban kuma jira ba.
Na koma sama da magogi a aljihu.
Saura mita sittin,
da kwana ɗaya da zan sake tambayar ruwa
ta ina yake so ya bi.